Tarihin Faskal, Mutumin Da Ya Ɗora Sa'a Bisa Ma'auni

A cikin fannonin lissafi da mu ke koyo, waɗanda kuma za mu koyar in mun fita, akwai wani babi da a ke kira lissafin yiwuwa. Shi ne ke nuna wa mutum yadda zai auna abin da bai auku ba tukuna, har ya iya cewa wannan ya fi wancan kusa da aukuwa, ya kuma faɗi ko da nawa ya fi shi. Ƙa'idodinsa suna nan cikin littattafai, amma littattafan ba su cika faɗin inda suka samo asali ba. Don haka muka ga ya kyautu mu kawo wa 'yan'uwa da malamanmu tarihin ɗaya daga cikin mutanen da suka aza harsashin wannan ilmi, watau Faskal, wanda mutanen ƙasarsa ke rubuta sunansa Blaise Pascal.

An haife shi ran 19 ga watan Yuni, shekara ta 1623, a garin Kilermon da ke tsakiyar ƙasar Faransa. Ubansa, Etiyen Faskal, alƙali ne a majalisar da ke duba shari'ar haraji, kuma mutum ne mai son lissafi ƙwarai da gaske. Yaron yana ɗan shekara uku uwarsa ta rasu, ta bar shi da 'yan'uwa mata biyu, yayarsa Jilbat da ƙanwarsa Jakilin. Uban bai sake aure ba. Cikin 1631 ya kwashe 'ya'yansa suka koma birnin Faris, ya ɗauki nauyin karantar da su da kansa. Faskal bai taɓa zama a bencin makaranta ba ko da rana ɗaya.

Nufin uban shi ne yaron ya fara ƙoshi da harsuna, Latin da Girkanci, kafin ya ɗanɗana handasa, watau ilmin awon layuka da siffofi, don ya san daɗinta na iya ɗauke masa hankali daga sauran karatu. Sabo da haka ya ɓoye littattafanta. Amma an ce hana wa yaro abu shi ke ƙara masa kwaɗayinsa. Yayarsa Jilbat, wadda ta rubuta labarinsa bayan ya mutu, ta ce wata rana uban ya tarad da shi, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya duƙa yana zane da gawayi a daɓe, ya gano da kansa cewa kusurwoyi uku na alwatika in an tara su digiri 180 su ke bayarwa. Daga ran nan uban ya sakar masa mara, ya miƙa masa littafin Iƙilidisu, ya kuma riƙa tafiya da shi majalisar malaman lissafi na Faris. Yana ɗan shekara goma sha shida ya rubuta bayani a kan siffofin da ke fita in an yanka abu mai tsini irin jinkar ɗaki, aka buga shi cikin 1640, manyan malamai suka riƙe baki.

Wajen wannan lokaci ne aka naɗa uban ya kula da haraji a birnin Rouen. Aiki ne mai cin rai, gama kuɗin Faransa na zamanin nan ba goma goma a ke ƙirga su ba. Ƙananan kuɗi goma sha biyu ke yin na tsakiya ɗaya, na tsakiya ashirin ke yin babba ɗaya, daidai da yadda kwabo da sule da fam su ke a Nijeriya kafin a kawo naira cikin 1973. Da Faskal ya ga ubansa na raba dare yana tara lambobi, sai cikin 1642 ya shiga ƙera wani akwati mai ƙafafun tagulla masu haƙora, wanda ke tarawa da ɗebewa da kansa. Ya gwada wajen iri hamsin kafin ya sami wanda ya gamshe shi. Akwatin bai sami kasuwa ba don tsadarsa, amma har yanzu akwai waɗansu a gidan ajiye kayan tarihi a Faris, ana kuma lissafa shi cikin kakannin na'urorin lissafi.

Daga nan ya juya ga binciken iska. Wani Ba'italiye, Toriceli, ya riga ya nuna cewa in aka cika bututun gilashi da zaiba aka kife bakinsa cikin kwanon zaiba, sai ta sauko ta tsaya a wani tsayi. Faskal ya ce in nauyin iska ne ke riƙe da ita, to, lalle ta ƙara saukowa a kan dutse, inda iskar da ke bisa ta ragu. Shi ba shi da lafiyar hawa, sai ya roƙi mijin yayarsa, Feriye, ya hau dutsen Puy de Dome kusa da Kilermon. Ran 19 ga Satumba, 1648, aka hau, aka tarar zaiba ta sauko wajen inci uku. Sabo da wannan aiki ne a ke kiran ma'aunin matsin iska da sunansa yau.

To, yanzu mun zo ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Bayan ubansa ya rasu cikin 1651, Faskal ya yi 'yan shekaru yana cuɗanya da manyan gari a Faris. Cikinsu akwai wani marubuci mai son wasan sa'a, ana ce da shi Mere. Shi ne ya kawo masa matsaloli biyu, waɗanda Faskal ya yi ta musayar wasiƙu a kansu cikin 1654 da wani masanin shari'a na birnin Tulus, mai suna Ferma, wanda lissafi ya zama masa abin hutawa bayan aiki.

Matsala ta fari a kan ɗan lido ta ke, watau ɗan ƙashin nan mai fuska shida da a ke jefawa. Ga yadda a ke auna shi. Da ya ke fuskokin shida daidai su ke, ba wadda ta fi wata, yiwuwar fitar kowace ɗaya ita ce ɗaya bisa shida, abin da muka sani da sudusi a wajen rabon gado. Wannan ita ce ƙa'ida ta fari: a ƙirga hanyoyin da abin da a ke nema zai fito, a ɗora su bisa jimlar hanyoyi duka, muddin dai hanyoyin sun yi daidai da juna. Abin da ba shi yiwuwa sam ma'auninsa sifiri, abin da ba makawa ma'auninsa ɗaya, sauran duka tsakani su ke. Daga nan ƙa'ida ta biyu ta fito: yiwuwar abu ya auku da yiwuwar ya ƙi aukuwa, in an haɗa su, ɗaya ne cif. In fitar shida sudusi ce, rashin fitarta biyar bisa shida ke nan.

Mere ya san cewa wanda ya yi alkawarin fid da shida cikin jifa huɗu yana da ɗan rinjaye. Sai ya ce, ai in an jefa 'yan lido biyu tare hanyoyi 36 ne, watau shida sau shida, kuma huɗu a wajen shida daidai ta ke da 24 a wajen 36. Ashe kuwa wanda ya yi alkawarin fid da shida biyu tare cikin jifa 24 ya kamata shi ma ya sami rinjayen nan. Amma ya lura abin ba haka ya ke ba, har ya riƙa cewa lissafi na ƙaryata kansa.

Lissafi bai yi ƙarya ba, tunanin ne ya karkace. A tsaya a duba. In da jifa huɗu na ba da sudusi huɗu ta hanyar tarawa, da jifa shida sun ba da shida bisa shida, watau lalle ne shida ta fito. Kowane yaro kuwa da ya taɓa lido ya san ana jifa goma ba ta fito ba. Tarawa tana da wurinta, ita ce ƙa'ida ta uku: ana tara yiwuwar abubuwa biyu ne in ba su iya aukuwa tare, kamar a ce biyar ko shida cikin jifa guda, wanda ya ba da biyu bisa shida, watau sulusi. Amma jifa na fari da na biyu suna iya fid da shida dukansu, don haka tarawa ba ta hau nan ba. Abin da ya hau shi ne ƙa'ida ta huɗu: in abubuwa biyu ba ruwan ɗaya da ɗaya, yiwuwar su auku duka biyu ita ce a riɓanya ta wannan da ta wancan.

Sai mu bi ta bayan gida, mu nemi yiwuwar shida ta ƙi fita sau huɗu a jere. Biyar sau biyar sau biyar sau biyar 625 ne, shida sau shida sau shida sau shida kuwa 1296. Watau cikin hanyoyi 1296, guda 625 ba shida a cikinsu, sauran 671 akwai. Ga ɗan rinjayen da Mere ya sani, kusan 52 cikin 100. In aka bi wannan hanya da 'yan lido biyu, aka riɓanya 35 bisa 36 da kanta har sau 24, sai a ga yiwuwar cin alkawarin ta tsaya wajen 49 cikin 100, ba ta kai rabi ba. Sai an yi jifa 25 ta ke haye rabi da kaɗan. Dubi ƙanƙantar bambancin, amma shi ne tsakanin riba da hasara ga wanda ya daɗe yana wasa.

Matsala ta biyu ta fi ta fari zurfi, gama magana ce ta adalci. Mutum biyu masu ƙarfi ɗaya sun zuba zinariya 32 kowannensu, jimla 64, a kan wanda ya fara cin wasa uku ya kwashe duka. Na fari ya ci biyu, na biyu ya ci ɗaya, sai wani uzuri ya tashe su. Yaya za a raba kuɗin ba a zalunci kowa ba? Tambayar ta daɗe tana ba malamai wuya. Wani malamin Italiya, Facoli, cikin littafinsa na 1494, ya ce a raba bisa yawan abin da kowa ya riga ya ci. Bisa wannan hanya na fari zai ɗauki kashi biyu, na biyu kashi ɗaya. Da jin fari kamar daidai ne. Amma a ce wasan na ɗari ne, aka tashi bayan wasa guda. Wanda ya ci guda ɗin nan zai kwashe kome ke nan, alhali saura masa 99? Ba alƙalin da zai yarda da wannan.

Faskal ya gane cewa abin dubawa shi ne abin da ya rage a gaba. Ya ce a ƙaddara an ƙara wasa ɗaya. In na fari ya ci, 64 nasa ne. In an cinye shi, sun yi biyu biyu, sai kowa ya ɗauki 32. Ashe ko ta yaya ta kaya, 32 ta riga ta tabbata a hannunsa. Sauran 32 su ne ke cikin shakka, kuma tun da ƙarfinsu ɗaya, sai a raba su biyu. Na fari ya tashi da 48, na biyu da 16. Da wannan hanya ta komawa baya mataki mataki ya nuna cewa in biyu da babu aka tashi rabon 56 da 8 ne, in kuwa ɗaya da babu, 44 da 20.

Ferma shi kuma wata hanya ya biyo. Ya ce ko an yi yaya, wasa biyu nan gaba za su yanke magana. A jera duk yadda biyun nan za su iya kasancewa: na fari ya ci duka biyu, ko ya ci na farko ya faɗi na biyu, ko ya faɗi na farko ya ci na biyu, ko ya faɗi duka. Hanyoyi huɗu ke nan masu ƙarfi ɗaya, uku nasa, ɗaya ta abokin wasansa. Rubu'i uku na 64 kuwa 48 ne. Wani malamin Faris ya yi gardama, ya ce ai in na fari ya ci wasan farko an gama, ba a yin na biyu. Faskal ya amsa da cewa ko an yi na biyun ba abin da zai sake, kuma ƙirga shi ne ke sa hanyoyin su zama daidai da juna. Da mutum biyu, kowa a garinsa, kowa da hanyarsa, suka sauka a zango ɗaya, sai hankalinsu ya kwanta. Abin mamaki, har suka mutu ba su taɓa sa juna a ido ba. Cikin 1660 Ferma ya nemi su gamu a tsakiyar hanya, rashin lafiyar Faskal ya hana.

Don sauƙaƙa ƙirgan hanyoyi in sun yi yawa, Faskal ya rubuta littafi a kan wata alwatika ta lambobi, wanda aka buga cikin 1665, bayan mutuwarsa. Layinta na sama 1 ne, na biye 1, 1, sa'an nan 1, 2, 1, sa'an nan 1, 3, 3, 1, sa'an nan 1, 4, 6, 4, 1, kowace lamba jimlar biyun da ke bisanta ce. Ba shi ya fara ganinta ba. Alkaraji, wanda ya yi zamani a Bagadaza wajen shekara ta 1000, ya san ta, haka Umarul Hayyam, haka malaman ƙasar Sin. Abin da Faskal ya yi shi ne ya tsara hujjojinta, ya kuma ɗaure ta da matsalar rabo. Ga amfaninta. In aka watsa kwabo huɗu, hanyoyin faɗuwarsu 16 ne, jimlar layi na biyar. Hanya 1 ce duka su nuna fuska, 4 uku su nuna, 6 biyu su nuna, 4 ɗaya ya nuna, 1 kuma duka su kife. Mutane da yawa za su rantse biyu da biyu ne ke fita rabin lokaci, alhali 6 ne cikin 16.

A daren 23 ga Nuwamba, 1654, wani abu ya same shi a zuci wanda ya juya rayuwarsa. Ya rubuta shi a takarda, ya ɗinke cikin rigarsa, ba wanda ya sani sai bayan ya mutu. Daga nan ya karkata ga ibada bisa addininsa na Kirista, ya kusanci jama'ar Port-Royal, inda ƙanwarsa Jakilin ta shiga tun 1652. Cikin 1656 da 1657 ya rubuta wasiƙu goma sha takwas na jayayyar addini da sunan aro, waɗanda Faransawa ke ƙirgawa cikin mafi kyawun rubutun harshensu. Lissafi bai sake shi sarai ba, gama cikin 1658 ya koma kansa, ya warware waɗansu matsaloli a kan layin da ƙusa ke zanawa in tana jikin ƙafar keke mai mirginawa. Cikin watan Maris, 1662, shi da abokansa suka kafa kekunan doki masu bin hanya ɗaya a kan lokaci, a kan kuɗi kaɗan, a cikin Faris. Wannan shi ne mafarin motocin haya na cikin gari.

Tun yana saurayi bai rabu da ciwo ba. A ƙarshen ransa ya saukad da waɗansu matalauta a gidansa, ɗansu ya kamu da agana. Maimakon ya tashe su, sai shi ya bar musu gidan, ya koma wurin yayarsa. A can ya mutu ran 19 ga Agusta, 1662, yana da shekara 39. Guntayen takardun da ya bari na tunaninsa a kan addini da halin ɗan Adam aka tattara, aka buga cikin 1670.

Irin da suka shuka bai daɗe a ƙasa ba. Wani saurayi mutumin Holan, Hoigens, ya zo Faris cikin 1655, ya ji labarin matsalolin, ya buga ɗan littafi a kansu cikin 1657. Littafin Yakubu Banuli, wanda ya fito cikin 1713, ya tabbatad da cewa in aka yawaita gwaji, yawan fitar abu yakan matso kusa da ma'aunin yiwuwarsa. Laflas ya faɗaɗa ilmin cikin 1812, Kolmogorof na Rasha kuma ya tsara tushensa cikin 1933. Su ne suka jera ƙa'idodin kamar yadda muka kawo su a sama, gama Faskal da Ferma maganar rabo suka fi yi. Yau a kan wannan ilmi ƙididdiga ta dogara. Da shi kamfanin inshora ke yanke abin da za a biya, da shi likitoci ke gane ko sabon magani ne ya warkar ko dace aka yi, da shi masu duban yanayi ke faɗin ƙarfin zaton ruwa.

Kada wani ya ce muna yabon caca, abin da addini ya hana, iyaye kuma suka tsawata. Ai ba abin da ke tona asirin caca kamar wannan lissafi, don shi ke nuna cewa mai shirya ta ya riga ya ware wa kansa ɗan rinjaye, kuma ɗan rinjaye in aka daɗe shi ke cinye gona da gida. Shi ke kuma kashe ruɗin nan na cewa tun da shida ta daɗe ba ta fito ba yanzu lokacinta ya yi. Ɗan lido ba shi da tunani, jifa na ɗari sudusi ne kamar na fari. Lissafin yiwuwa kuma ba da'awar sanin gaibu ba ne. Ba ya faɗin abin da zai fito gobe, iyakarsa ya auna ƙarfin zato bisa abin da a ke da shi a hannu.

Saura gargaɗi ɗaya ga mu masu shirin riƙe alli. Ƙa'ida ta fari ba ta aiki sai hanyoyi sun yi daidai. Wuri yana da ciki da baya, amma siffarsu ba ɗaya ba ce, don haka ba mu da ikon cewa rabi da rabi ne sai mun watsa shi sau da yawa mun ƙirga. Ran da muka kai ga wannan babi a aji, kada mu fara da rubuta ƙa'ida a allo. Mu ba yara kwabo huɗu da wuri huɗu, su watsa, su rubuta abin da ya fito, su yi gardama a kansa, sa'an nan mu nuna musu alwatikar. Gani ya kori ji. Yaron da aka tarar yana zane da gawayi a daɓe ta haka ya fara, kuma wa ya san ko akwai irinsa a cikin waɗanda za a damƙa mana?